Tambaya da Amsa: Yaushe Mai Renon Yara a Gida Ke Buƙatar Lasisi a Amurka?

A 'yan watannin nan wasiƙu da dama sun iso wa wannan fili daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka a kan batu guda, wato riƙon 'ya'yan mutane a cikin gida da rana, da kuma matakin da idan an kai shi hukuma take cewa sai da takardarta. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda masu wasiƙun suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, ina zaune a Bronx da ke birnin Niyok tare da maigidana da ɗanmu mai shekara uku. Maƙwabtana biyu suna kawo mini 'ya'yansu, kowace yaro ɗaya, tun bakwai na safe har biyar na yamma, saboda ɗaya tana aikin kula da tsofaffi, ɗayar kuma tana kitso a shago. A ƙarshen mako sukan ba ni abin da ya sawwaƙa. Yanzu wata ƙanwata da muka taso unguwa ɗaya a Kumasi za ta koma aiki, tana so in riƙe mata jaririyarta mai wata takwas. A wajen wani suna wata baiwar Allah ta ce mini idan na karɓa na taka doka. Ni dai ban buɗe makaranta ba, taimakon juna muke yi. Mece ce gaskiyar maganar?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya da kike yi wa maƙwabta. Matar da ta yi miki magana a wajen suna gaskiya ta faɗa miki, kuma ta kyauta da ta faɗa tun kafin ki karɓi jaririyar.

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne gwamnatin tarayyar Amurka ba ta bayar da lasisin reno. Kowace jiha ita ke shata iyakarta, saboda haka dokar jihar Niyok ce ta shafe ki, kuma ofishin kula da yara da iyali na jihar, wanda ake kira OCFS, shi ke da alhakin lamarin, ko da yake a cikin birnin Niyok sashen lafiya na birni ne ke karɓar takardu da yin zagayen dubawa a madadin jihar. Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne, duk wadda take riƙe yara uku zuwa shida a gidanta a kai a kai, kowane yaro fiye da awa uku a rana, wajibi ne ta yi rajista. Idan yaran suka kai bakwai zuwa goma sha biyu, an shiga mataki na gaba, wanda ke buƙatar cikakken lasisi da kuma mataimakiya. A mataki na farko ana yarda a ƙara yara biyu 'yan makaranta, waɗanda ke zuwa kafin shiga aji ko bayan an tashi ko lokacin hutu, a mataki na biyu kuma ana yarda da huɗu. Wadda take riƙe yaro ɗaya ko biyu da ba danginta ba, kamar yadda kike yi a yanzu, ba a neman takarda a hannunta. Kin ga kenan yau kina cikin halaliyarki, amma ranar da aka sauke miki jaririyar nan ta uku lissafi ya canza.

Kin ce taimakon juna kuke yi, kuma na yarda da ke ɗari bisa ɗari, domin da irin wannan taimakon ne mata da yawa suka samu damar fita neman halal a ƙasar da ba uwa ba kaka. Sai dai dokar Niyok ba ta rataya maganar a kan kuɗi ba. Ƙa'idar ta shafi reno ko ana biya ko ba a biya, don haka ko da kin ce a bar kuɗin ƙarshen makon, matsayinki bai sauya ba. Abin da jami'i zai ƙirga shi ne yawan yaran, da awannin da suke yi a wurinki, da ko abin na kullum ne ko na wucin gadi, da kuma dangantakarki da kowane yaro.

A kan dangantakar nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau, domin a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. A wurinmu wadda kuka taso unguwa ɗaya, iyayenku suka yi zaman mutunci, ƙanwarki ce, kuma babu mai musun haka. Dokar kuwa dangi na jini ko na aure take nufi, kuma ta yi musu iyaka: kakanni, da goggo da inna da kawu da baffa tare da matansu ko mazansu, da yayyen yaron, da 'ya'yan goggo ko na kawu. Idan ƙanwar nan taki uwarku ɗaya ko ubanku ɗaya, jaririyar 'yarki ce a idon doka kuma ba ta shiga ƙidayar baƙin yara. Idan kuwa zumuncin unguwa ne ya haɗa ku, kamar yadda na fahimta daga wasiƙarki, to ita ce yarinya ta uku. Ina roƙonki kada ki bari wani ya ba ki shawarar cewa idan jami'i ya zo ki ce duk 'ya'yan 'yan'uwanki ne. Bayan nauyin ƙarya a wurin Allah, takardun haihuwa suna nan, kuma yi wa hukuma ƙarya ya fi rashin rajista muni nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce ki nemi rajistar, ki kuma roƙi ƙanwarki ta yi haƙuri ta nemi wani wuri na ɗan lokaci, domin aikin takardun yakan ɗauki watanni. Za ki fara da zaman wayar da kai da ake yi ta intanet, sannan horo na awa 15 a kan lafiya da kariyar yara, da takardar shaidar koyon taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi, da takardar likita. Bayan an ba ki rajista za ki riƙa yin horon awa 30 a cikin kowace shekara biyu. Za a ɗauki hoton yatsunki a binciki tarihinki, kuma binciken bai tsaya a kanki ke kaɗai ba, ya haɗa da duk wanda ya kai shekara 18 yake kwana a gidan. Wannan ya shafi maigida, ya kuma shafi ɗan'uwan da ya zo daga gida aka ba shi ɗaki kafin ya samu wurin kansa, don haka ku zauna da maigidanki ku tattauna tun yanzu. Ɗanki mai shekara uku, tun da bai shiga makaranta ba, zai shiga cikin adadin yaran da aka yarda ki riƙe, kuma mace ɗaya ba ta riƙe fiye da yara biyu 'yan ƙasa da shekara biyu sai da mataimakiya.

Ranar da mai dubawa zai zo, zai buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ga ko hannun yaro zai kai ga ruwan bilic da maganin kyankyaso, zai danna ƙararrawar hayaƙi ya ji ko tana ƙara, zai duba ƙarafunan taga, zai tambaye ki hanyoyi biyu na fita idan gobara ta tashi, zai kuma so ya ga fayil ɗin kowane yaro da lambar wayar iyaye da katin rigakafi. Wasu matan suna jin wannan kamar cin fuska ne, a ce baƙo ya shigo yana leƙa lungunan gidansu. Ni ban ɗauke shi haka ba, kuma ke da kike Bronx kin fi ni sanin dalili. A watan Janairun 2022 wata na'urar ɗumama ɗaki ta haddasa gobara a wani dogon bene a yankinku, hayaƙi ya cika benen saboda ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ba su rufe ba, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Kafin nan, a watan Maris na 2007, wata gobarar a unguwar Highbridge ta ci rayuka goma daga iyalai 'yan asalin Mali, tara daga ciki yara ne. Mace ɗaya da jarirai biyu da yara masu tatata uku, a hawa na huɗu, cikin hayaƙi, tana buƙatar ta riga ta san wa za ta goya, wa za ta rungume, kuma ta wace ƙofa za ta bi. Atisayen fita da ake sa masu rajista su yi kowane wata saboda irin wannan ranar ne, Allah ya kiyaye mu.

Akwai kuma abu guda da ba zan ɓoye miki ba. A gidan reno mai rajista an haramta duka kowane iri, har ɗan marin hannu da ja kunne, ko da iyayen yaron ne suka ce ki yi masa. Haka nan doka za ta ɗora miki nauyin sanar da hukuma idan kika ga alamar ana cutar da yaro a gidansu. Wannan nauyi ne babba a cikin al'ummar da kowa ya san kowa, kuma gara ki san da shi kafin ki sa hannu.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Na yi shekaru a Harrisburg ta jihar Fensilbeniya ina riƙe yara uku a gida, babu wanda ya taɓa tambayata takarda. Bana muka koma jihar Merilan saboda aikin maigida, wata 'yar Nijar ta kawo mini ɗanta guda ɗaya tak. Maƙwabciyata ta ce ko shi kaɗai ne sai na yi rajista. Anya ba tsoratar da ni take yi ba, alhali ƙasa ɗaya ce?

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa, Allah ya sa kun koma a sa'a. Maƙwabciyarki ba tsoratar da ke take yi ba. Abin da kika yi a Harrisburg daidai ne, domin a Fensilbeniya sai yaran da ba dangi ba sun kai huɗu ake neman takardar shaida. Merilan kuwa tana cikin jihohin da suka fara ƙidaya daga yaro ɗaya. Wadda ba dangin yaro ba, take riƙe shi a gidanta a kai a kai, sai ta yi rajista da ofishin kula da reno da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jihar. Sassaucin da aka yi wa ƙawaye ƙanƙane ne, wato idan riƙon na lokaci-lokaci ne kuma bai kai awa 20 a wata ba. Yaron da ake kawo miki kullum da safe zai cinye waɗannan awanni cikin kwana biyu ko uku. Idan kika samu rajista za ki iya riƙe yara har takwas, waɗanda ba su kai shekara biyu ba kada su wuce biyu sai da ƙarin izini da mai taimako, kuma 'ya'yanki 'yan ƙasa da shekara shida suna cikin lissafin.

Bambancin da ke tsakanin jihohi ya fi yadda mutane suke zato. Daga Merilan idan kika haye kogin Potomac kika shiga Birjiniya, dokar jiha ba ta neman lasisi sai yaran sun kai biyar, ban da na mai gida, kuma wannan adadin ma a 2016 aka sauko da shi daga shida. Amma a can ɗin ma ƙananan hukumomi irin su Fairfax da Arlington suna da nasu izinin da suke nema daga masu yara kaɗan, wanda ke nuna cewa sanin dokar jiha kaɗai ba ya wadatarwa, sai an tambayi ta gunduma ko ta birni. A Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro, ana maganar lasisi ne idan yaran da ba dangi ba sun kai uku, 'yan ƙasa da shekara 13, fiye da awa huɗu a rana, aƙalla sau ɗaya a mako. Masacusets da Mishigan suna tare da Merilan wajen farawa daga yaro ɗaya. Dakota ta Kudu kuma tana can ɗaya gefen, inda mace za ta iya riƙe yara har 12 ba tare da an wajabta mata lasisi ba, abin da ni a ganina sakaci ne, domin babu mace ɗaya da idonta zai iya bin yara goma sha biyu. Majalisun jihohi sukan taɓa waɗannan adadi lokaci zuwa lokaci, wasu suna ɗagawa saboda ƙarancin wuraren reno, wasu suna saukarwa bayan wani mummunan abu ya faru, don haka abin da ƙawa ta sani shekara biyar da suka wuce yana iya zama tsohon labari.

Abin da zai fi miki sauƙi shi ne ki buga waya ofishin yankinku ki faɗi halin da kike ciki yadda yake: yaro nawa, shekarunsa, awa nawa, kwana nawa a mako, da ko akwai dangantaka. Akwai kuma cibiyoyin ba da shawara a kan reno a kusan kowace gunduma, waɗanda aikinsu shi ne su taimaki masu son farawa su cike takardu, galibi ba tare da karɓar ko sisi ba. Kafin rajistar ta fito, akwai wata hanya da ya kamata ki tambaya a kai, wato ki riƙa zuwa gidan iyayen yaron kina kula da shi a can, domin dokokin lasisi sun fi shafar renon da ake yi a gidan mai reno. Ki kuma kiyaye da tallata kanki a zauren WhatsApp ko a Facebook kafin takarda ta zo hannu, tun da Merilan ta hana tallan reno ga wadda ba ta da rajista.

TAMBAYA: Hajiya, ni magidanci ne a Houston ta jihar Tekzas, ni da iyalina duk muna aiki, kuma muna da jariri ɗan wata huɗu. Akwai wata dattijuwa Bahaushiya da take riƙe yara a gidanta, ba ta da wata takarda, amma mun yarda da tarbiyyarta da abincinta, kuma yaro zai tashi da jin Hausa. Akwai kuma wani gidan reno mai lasisi kusa da mu wanda kuɗinsa ya fi yawa. Mahaifiyata ma tana nan tafe da bizar ziyara, har wani abokina ya ce idan ta zo zai riƙa kawo nasa yaran yana biyan ta. Ina neman shawara.

AMSA: Malam, Allah ya raya jariri, ya kawo Hajiya lafiya. Bari in fara da maganar mahaifiyarka domin ita ce gajera. Kaka da take kula da jikanta a gidan ɗanta ba ta buƙatar lasisin reno. Amma bizar ziyara ba ta ba mutum izinin yin aikin kuɗi, saboda haka maganar abokinka ka rufe ta cikin mutunci, kada ka jefa tsohuwa cikin abin da zai hana ta sake shigowa ƙasar.

Game da dattijuwar, dalilanka masu nauyi ne, kuma ba zan raina su ba. Samun wadda za ta ba ɗanka abincin halal, ta yi masa bisimilla, ta rarrashe shi da harshen iyayensa, ba ƙaramin abu ba ne a baƙuwar ƙasa. Sai dai a Tekzas kusan babu mai reno da ake biya a kai a kai da doka ta bari haka nan babu takarda ko ɗaya. Jihar tana da matakai uku. Wadda take riƙe yaro ɗaya zuwa uku da ba danginta ba, ana biyan ta, awa huɗu ko fiye a rana, kwana uku ko fiye a mako, na tsawon makonni uku a jere, sai ta sa sunanta a kundin hukuma, a binciki tarihinta da na mutanen gidanta, ko da yake ba a zuwa duba irin wannan gida sai an kai ƙorafi. Mataki na biyu shi ne rajista, na uku kuma lasisi, kuma waɗannan biyun ana kai musu ziyarar dubawa, babu kuma wanda aka yarda ya wuce yara 12 har da na mai gida. Idan kuna ƙaunar dattijuwar nan, ku da sauran iyaye ku taimaka mata ta shiga matakin da ya dace da ita, wani ya cike mata takardu, wani ya raka ta wurin ɗaukar hoton yatsu. Yin hakan kariya ne gare ta, domin ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗan wani a hannunta, tambayar farko da za a yi mata ita ce ina takardarta, kuma inshorar gida ta yau da kullum galibi ba ta biyan abin da ya faru a dalilin sana'a.

Ba na so kuma ka ɗauka cewa takarda a bango ta raba ka da sa ido. A birninku ne, a watan Fabrairun 2011, wata matashiya mai gidan reno da ke da rajista ta bar yara bakwai su kaɗai ta tafi kanti, ta bar man girki a kan wuta. Gobara ta tashi, yara huɗu suka rasu. Ta gudu Nijeriya, aka dawo da ita, a 2012 kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 80. Rajista ba ta hana wannan ba. Amfanin takarda shi ne tana ba ka ƙofar bincike: dokar tarayya ta tallafin reno, wadda aka kafa a 1990 aka kuma sabunta a 2014, ta wajabta wa jihohi binciken tarihin masu reno da hoton yatsu, da ziyarar ba-zata aƙalla sau ɗaya a shekara ga masu lasisi, da wallafa sakamakon dubawar a intanet yadda kowane uba zai iya karantawa. Ka nemi sunan gidan nan mai lasisi a shafin hukumar jiharku ka ga abin da aka taɓa samun su da shi, sannan ka riƙa leƙawa da tsakar rana ba tare da ka sanar ba, ka ƙirga yaran da idonka.

Tun da ɗanka wata huɗu gare shi, abin da ya fi damuna shi ne yadda za a kwantar da shi. Iyayenmu mata da yawa sun saba kwantar da jariri rub da ciki ko a gefe, a kan katifa mai laushi, a lulluɓe shi da bargo, saboda suna ganin ya fi yin barci mai nauyi kuma ba zai shaƙe da tumbuɗi ba. Likitocin yara a Amurka sun gano cewa hakan yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya da jarirai ke yi cikin barci, wadda ta fi yawa tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu. Bayan gangamin da aka fara a 1994 na a riƙa kwantar da jarirai rigingine, yawan irin wannan mutuwa ya ragu da fiye da rabi. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace a hannun masu reno suke faruwa, kuma haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba kwanciya rigingine a gida sai aka kifa shi a wani wuri. Duk inda ka zaɓa, ka ce a nuna maka inda zai kwanta: gadon jariri nasa shi kaɗai, katifa mai tauri, zanin gado da ya kama ta sosai, babu matashi, babu bargo, babu 'yar tsana. Wannan maganar ka yi ta da dattijuwar cikin ladabi, ka kuma yi ta da Hajiya idan ta iso, kuma zai fi kyau ka ce umarnin likitan yaron ne, domin hakan ya fi sauƙin karɓa a wurin manya fiye da a ce ɗan yau ne yake koya musu reno.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina Kalifoniya, ina riƙe yara uku 'yan gida ɗaya tare da nawa biyu. Ina so in ƙara na wani gidan, amma mai gidan da muke haya ya ce yarjejeniyarmu ta hana sana'a a cikin gida. Kuma iyayen yaran sun fara tambayata lambar haraji, abin da ya ɗaga mini hankali.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin a maganar haya doka tana bayanki. Kalifoniya ba ta ƙirga kawunan yara wajen shata iyaka, gidaje take ƙirgawa. Muddin 'ya'yan iyali ɗaya kike riƙewa tare da naki, ba kya buƙatar lasisi, amma da zarar ɗan gida na biyu ya shigo sai da shi, kuma wadda ta ci gaba bayan an gargaɗe ta tana iya fuskantar tarar dala 200 a kowace rana. Ƙaramin lasisi yana ba ki yara shida, ko takwas bisa wasu sharuɗɗa, babba kuma 12 ko 14 tare da mataimakiya, kuma 'ya'yanki da ba su kai shekara goma ba suna cikin adadin.

Dokar jihar tana ɗaukar gidan reno mai lasisi a matsayin gidan zama, kuma wani gyara da ya fara aiki a watan Janairun 2020 ya ƙara fayyace cewa mai gida ba shi da ikon korar ɗan haya ko hana shi haya saboda wannan, ko da an rubuta hanin a cikin yarjejeniya, ko gidan ƙasa ne ko ɗaki a bene. Abin da ke kanki shi ne ki sanar da shi a rubuce kwana 30 kafin ki fara. Yana da damar ƙara kuɗin ajiya har iyakar da doka ta yarda, kuma sai da sa hannunsa za ki ɗauki ƙarin yara biyun nan da ke kai adadi takwas ko 14.

Tambayar da iyayen suke yi miki kuwa ba tarko ba ce. Suna so ne su nemi rangwamen haraji na kuɗin reno, kuma fom mai lamba 2441 da suke cikewa yana neman sunan mai reno da adireshinta da lambar harajinta. Ko da lasisi ko babu, wadda ribar sana'arta ta kai dala 400 a shekara wajibi ne ta bayyana wa hukumar haraji. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta abin da aka biya ki, da awannin da yara suka yi, ki kuma adana rasit na madara da kayan wasa da na tsafta, domin duk ana cire su daga abin da za a ɗora wa haraji. Mai lasisi, ko wadda ta nema tana jira, ko wadda doka ta ɗauke mata, tana iya cire wani kaso na kuɗin haya da na wuta ta fom mai lamba 8829, wanda mai reno ba bisa ƙa'ida ba ba ta da wannan damar. Idan lasisin ya fito, ki tambayi cibiyar ba da shawara ta gundumarku yadda za ki shiga shirin abinci na ma'aikatar noma ta tarayya, wanda ke mayar wa masu reno wani ɓangare na kuɗin abinci sau biyu da abin taɓawa sau ɗaya a rana ga kowane yaro.